Idan Sawun Tafiyarka Ya Goge Daga Na'urar GPS Ta Babur

Mai babur ya dawo daga tafiyar mako biyu, ya kwance kaya, ya yi barcin gajiya. Washegari ya ɗauko na'urar nuna hanya da ya ɗaura a kan babur ɗinsa don ya ga inda ya bi, sai ya tarar wayam. Ko dai ya danna wurin goge tarihin tafiya bisa kuskure, ko ya haɗa ta da kwamfuta ya share wata folda da ya zaci tarkace ce. Abin da zai fara yi shi ne ya kashe na'urar ya ajiye ta. Kada ya hau babur da ita, kada ya yi ta kunnawa yana dubawa ko abin ya dawo da kansa. Dalilin haka shi ne gaba ɗayan wannan bayani.

Irin waɗannan na'urori sun fi yawa a hannun masu doguwar tafiya a kan babur a Turai da Amurka. Sanannu a cikinsu su ne jerin zumo na kamfanin Garmin, wanda ya fara da zumo 550 a 2006, da Rider na TomTom, da Navigator da Garmin ya ƙera wa baburan BMW. Muddin suna kunne, suna rubuta inda suke: lambobin wurin a doron ƙasa, tsayinsa daga teku, da lokacin da aka wuce ta nan. Ɗigo bayan ɗigo, har su haɗu su zama layi a kan taswira. Wannan layin shi nake kira sawu. Ga wani abin tunawa ne kawai. Ga wani kuwa shi ne hanyar da ya sha wuya kafin ya gano ta cikin daji, ko shaidar kilomitocin da za a biya shi kuɗinsu, ko hujjar inda yake da irin gudun da yake yi lokacin da aka yi haɗari.

Mutane da yawa suna zaton tauraron ɗan'adam na riƙe da kwafin tafiyarsu, wato akwai inda za a je a roƙa a fitar. Babu wannan. Taurarin GPS, da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da mu, aika saƙo kawai suke yi. Na'urarka ce ke saurare, ta yi lissafin inda take, ta rubuta a cikinta. Ba su san da kai ba. Saboda haka sawunka yana cikin na'urar, ko a wani wurin da ka taɓa kwafe shi, ko kuma babu shi.

To me ke faruwa idan an goge fayil? Ɗauki misalin gidan haya mai ɗakuna da yawa, mai gida yana da littafin da yake rubuta wane ne a wane ɗaki. Idan ka ba da umarnin gogewa, littafin kawai ake taɓawa: a soke sunan ɗan haya, a rubuta cewa ɗakin babu kowa. Kayansa suna nan a ciki, ba wanda ya fitar da su. Sai ran da sabon ɗan haya ya zo aka ba shi ɗakin, sannan kayan wancan suke salwanta. Haka tsarin FAT yake aiki, wanda shi ne a cikin tsofaffin na'urorin nan da yawancin ƙananan katunan memori. Ana canza harafin farko na sunan fayil da wata alama, E5, a kuma share jerin da ke nuna gurabun da fayil ɗin ya mamaye. Abin da ke cikin gurabun bai motsa ba.

Matsalar ita ce na'urar nuna hanya ba ta zama shiru. Da zarar ta kunnu ta samu taurari, ta fara kawo sababbin 'yan haya. Fayil ɗin sawu kuma ƙarami ne ƙwarai, sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, don haka ɗan rubutu kaɗan ya isa ya hau kansa. Mafi muni shi ne sabunta taswira. Idan ka haɗa na'urar da kwamfuta, manhajar Garmin Express ta ce akwai sabuwar taswira, ka ƙi. Taswira tana cin gigabait da yawa, kuma inda ta sauka sawun giwa ya taka na raƙumi. Haka nan idan kwamfuta ta nemi a yi fomat, ko ta ce za ta gyara memorin, kada ka amince. Idan kuma wurin mai gyara za ka kai, ka faɗa masa tun daga bakin ƙofa cewa bayanai kake nema, ba gyaran na'ura ba, domin mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani yana cikin abubuwan da ake fara gwadawa a teburin gyara.

Kafin a kai ga manhajar ceto, a fara duba ko abin ya ɓata da gaske. A na'urorin Garmin akwai folda mai suna GPX. A cikinta ake samun fayil ɗin sawun da ake ciki, wanda sunansa Current.gpx a tsofaffin samfura, CurrentTrackLog.gpx a na baya-bayan nan. Akwai kuma wata folda a cikinta mai suna Archive. Rijistar da na'ura ke aiki da ita tana da iyaka, ɗigo 10,000 a samfura da yawa, kuma idan ta cika sai na'urar ta kwashe tsofaffin ɗigogi ta zuba su a Archive, cikin fayiloli masu lamba. Mutum zai duba fuskar na'ura bai ga tafiyar watan jiya ba, hankalinsa ya tashi, alhali tana kwance a can. Sai dai ita ma Archive ba rumbu marar ƙasa ba ce. Idan ta cika, mafi tsufa ne ke fita.

Akwai wani abu game da Current.gpx da ya kamata a fahimta. Ba shi ne asalin ajiyar ba, kwafi ne da na'urar ke fitarwa daga rijistarta ta ciki don kwamfuta ta iya karantawa. Wannan yana da daɗi ta wani ɓangaren: wanda ya goge shi daga kwamfuta bai yi asarar komai ba, na'urar za ta sake rubuta shi. Yana kuma da ɗaci ta wani ɓangaren: wanda ya goge tarihin daga cikin na'urar, idan ya haɗa ta da kwamfuta, sabon kwafin da babu sawun a ciki ne zai maye gurbin tsohon. Ke nan haɗawar ma kanta rubutu ce. Shi ya sa nake ganin ya kamata a shirya komai tukuna, a sauke manhajojin da ake bukata, a tanadi wurin ajiya a kwamfuta, sannan a haɗa sau ɗaya a yi abin da za a yi.

A tuna da sauran wuraren da kwafi kan maƙale. Wanda ya taɓa shigo da sawunsa cikin manhajar BaseCamp ko tsohuwar MapSource yana da shi a kwamfutarsa, ko da na'urar ta faɗa rijiya. Sababbin samfura suna haɗuwa da manhajojin waya irin su Garmin Explore da Tread, kuma abin da aka adana ta nan yana iya kasancewa a asusun mutum. Abokin tafiya ma yana da nasa sawun, hanya ɗaya kuka bi. Wayar da ke aljihunka tana iya riƙe da tarihin wurare na Google Maps idan ka kunna shi, hotunan da ka ɗauka kuma suna ɗauke da lokaci, wani zubin har da wuri. Masu babur da Keke Napep da suka sa na'urar bin sawu mai layin waya saboda ɓarayi, su labarinsu daban ne: bayanansu suna tafiya ne ga kamfanin da ya sa musu ita, can za su tambaya, kuma da wuri, domin ba har abada ake ajiye tarihin ba.

Idan duk wannan bai fitar da komai ba, sai a zo ga ceto na gaske. A nan tambaya ɗaya ce ke raba hanya: yaya na'urar ke bayyana a kwamfuta? Tsofaffin samfura suna fitowa kamar filas, da harafinsu, E ko F. Wannan yana ba kwamfuta damar leƙa kowane gurbi, har da ɗakunan da littafi ya ce babu kowa. Sababbi kuwa suna amfani da tsarin MTP, irin na wayoyin Android. A wannan tsarin kwamfuta ba ta shiga gidan, tana tsayawa a zaure ne na'urar ta miƙo mata abin da ke cikin littafi. Abin da aka soke ba za a miƙo shi ba, kuma manhajar ceto ba za ta ma ga na'urar a jerinta ba. Wasu samfuran Garmin suna da saitin da ke mayar da su su fito kamar filas, ya dace a nemi bayanin samfurin da ke hannu. Katin memori shi ba shi da wannan matsala. A cire shi, a sa shi a abin karanta kati, idan akwai babban gidansa na SD a tura ɗan makullin gefe don hana rubutu. Sai dai a sani, na'urorin zumo a cikin kansu suke rubuta sawu, abin da ke kan kati yawanci wanda mutum ya kwafa ne ko ya fitar da hannunsa.

Da an samu shiga, kada a fara tono a kan na'urar kai tsaye. A ɗauki hoton memorin gaba ɗaya, wato kwafin kowane gurbi, cike da wofi, a zuba shi cikin fayil guda a kwamfuta. Masu Linux suna yin haka da dd ko ddrescue, masu Windows da irin su Win32 Disk Imager. Daga nan a cire na'urar a kashe ta, a yi aiki a kan kwafin. Ko an yi kuskure, asalin yana nan.

Manhajojin ceto iri biyu ne a yadda suke aiki. Recuva da TestDisk suna komawa littafin mai gida su nemo sunayen da aka soke, su bi su zuwa ɗakunansu. Idan an dace, fayil yana dawowa da sunansa da ranarsa, ko da harafin farko ya ɓata. PhotoRec, wadda Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk kuma kyauta ce, ba ruwanta da littafi. Ɗaki-ɗaki take bi tana duba abin da ya yi kama da farkon fayil. Tana samo abin da sauran suka rasa, amma tana dawo da shi babu sunan asali, sai lambobi, a cikin tarin ɗaruruwan fayiloli. Duk abin da aka ceto a ajiye shi a kwamfuta, ba a kan memorin da ake ceto daga gare shi ba.

A nan ne tsarin GPX yake nuna alherinsa. Kamfanin TopoGrafix ne ya fito da shi a 2002, kuma rubutu ne zalla da kowa zai iya buɗewa da Notepad ya karanta. Kowane ɗigo yana farawa da kalmar trkpt, sai lambobin wuri, sai tsayi, sai lokaci. Don haka a cikin tarin da PhotoRec ta zubo, a sa kwamfuta ta nemo fayilolin da ke ɗauke da wannan kalma, sannan a nemi ranar tafiyar, an rubuta ta shekara, wata, rana. Lokacin da ke ciki agogon duniya ne na UTC, mai karatu a Najeriya ko Nijar sai ya ƙara awa ɗaya.

Sau da yawa fayil ɗin zai dawo da rauni. Fayilolin da ke memori ba lallai su zauna a jere ba, wani yana rarrabe a gurabu daban-daban, kuma jerin da ke haɗa su shi ne aka share. Sai ka ga farkon lafiya lau, tsakiya ta rikiɗe ta zama wasu alamomi marasa ma'ana, ko ƙarshe ya yanke a tsakiyar layi, manhajar taswira ta ƙi buɗe shi. Kada a jefar. Hoto idan ya yanke ya lalace, amma sawu kowane ɗigonsa yana tsaye da ƙafarsa. A yanke ɓangaren da ya gurɓace har zuwa ɗigo na ƙarshe mai lafiya, a kwafo layukan rufewa daga ƙarshen wani fayil ɗin GPX mai kyau a liƙa, sai ya buɗu. Guntayen da aka tsinto a wurare daban-daban ma ana iya jera su bisa lokacin da ke jikinsu. Tafiyar kwana goma tana iya dawowa da giɓin yini ɗaya, kuma wannan ya fi babu nesa ba kusa ba. Wanda yake neman sawun don shari'a ko inshora, shi kada ya gyara komai da hannunsa. Ya ajiye na'urar a kashe ya miƙa ta ga ƙwararren da zai iya tsayawa ya yi bayanin yadda ya fitar da bayanan.

Wannan sauƙin ceto yana da wata fuska da ta dame ni. Na'urorin nan suna yawo daga hannu zuwa hannu, a sayar da babur da tasa, ko a sayo ta hannu daga Turai. Sawun da ke ciki yana nuna ƙofar da mutum ke fita kowace safiya, da lokacin da yake dawowa, da kwanakin da ba ya gari. Wanda zai sayar da tasa ya kwafe abin da yake so, ya share Archive da hannunsa, ya goge bayanan mai amfani daga saitin na'urar, ya cire katinsa. Idan irin mai fitowa kamar filas ce, ya cika sauran wurin da manyan fayiloli marasa amfani har ya ƙare, sannan ya goge su, domin kowane ɗaki ya samu sabon ɗan haya kafin a miƙa makulli.