Wai Bature Ba Ya Mutuwa a Yaƙi?

Na gaji da wata magana da ke yawo a Facebook da WhatsApp, musamman idan aka sako hoton kakanninmu da suka je Boma. Wai Turawan Ingila ba sa kai 'ya'yansu bakin daga, baƙar fata kawai suka tura aka yi ta kashewa, su kuwa suna zaune a tanti suna shan shayi. Gaskiya ne an ɗebi mutanenmu zuwa Kamaru da Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kai su Boma a na biyu, kuma albashinsu bai kai na farar fata ba. Wannan zalunci ne. Amma ba a gyara zalunci da ƙarya.

Ku zo mu duba rayuwar John Parr. An haife shi a 1897 a Finchley, arewacin Landan. Mahaifinsa mai tallan madara ne. Da yaron ya bar makaranta sai ya zama yaron mahauci, daga nan ya koma ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a filin wasan golf. A 1912, bai ko cika 16 ba, ya je ya ce shekarunsa 18, aka ɗauke shi a rundunar Middlesex. Wa zai ga laifinsa? A barikin soja akwai abinci, akwai kaki da takalmi, ga sule ɗaya a rana.

Da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914 aka tsallaka da bataliyarsa zuwa Faransa, suka nausa Beljiyam. Aikinsa hawa keke ya leƙo inda Jamusawa suke. Ranar 21 ga Agusta aka rubuta a matsayin ranar mutuwarsa, kusa da garin Mons, yana da shekara 17. Shi ake ɗauka sojan Birtaniya na farko da ya faɗi a wannan fagen. Har watan Oktoba mahaifiyarsa na rubuta wasiƙa ga hukumar soja tana cigiyar ɗanta, don ba wanda ya zo ya yi mata ta'aziyya. Wannan ne mai shan shayin?

Kabarinsa na maƙabartar Saint Symphorien, yana fuskantar na George Ellison, tsohon mai haƙar kwal daga Leeds, wanda aka harbe ranar 11 ga Nuwamba 1918, saura kamar awa ɗaya da rabi a tsagaita wuta. Tsakanin mutuwar su biyun Birtaniya ta rasa sojoji sama da 700,000. A ranar farko ta gumurzun Somme kaɗai, 1 ga Yuli 1916, an kashe mata 19,240. Manya ma ba su tsira ba, Firaminista Asquith ya rasa ɗansa Raymond a shekarar. Amma yawancin waɗanda aka binne irin su Parr ne, 'ya'yan talakawa.

Rashin karatun tarihi da fushin mulkin mallaka su suka haifi wannan jita-jita.

To, me ya kamata mu yi? Da farko, kafin ka danna turawa, tambayi kanka wa ya faɗa, a ina, yaushe. Idan babu suna babu shekara, ka bar saƙon ya mutu a wayarka. Idan ka san ƙarya ne, ka faɗa wa wanda ya turo, ko da yayanka ne, cikin ladabi. Malamai, ku koyar da labarin kakanninmu sojoji da hujja, kuna da abin faɗa mai yawa ba sai kun ƙara gishiri ba. Wanda ke da tsohon soja a dangi ya nemi lambobinsa da takardunsa ya adana, ya rubuta abin da tsofaffi suka sani tun suna raye. Iyaye, kada ku sa hannu a ƙara wa yaro shekaru don ya samu kaki ko bindiga, komai matsin da ake ciki. Samarin da ke kiran a yi yaƙi daga kan gado da waya a hannu kuwa, ku ji tsoron Allah. Ranar da aka fara rubuta sunayen masu tafiya, na ɗan mai tallan ne ke sama, a Landan ne ko a Kano.