Hoton Da Aka Aiko Maka Daga Jos: Jikin Wa Kake Gani?

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san darajar hoton da aka aiko daga gida. A da, a hannun direban motar kayan gwari ake ba da shi, watau masu ɗauko tumatir da kabeji da dankalin Turawa daga kasuwar Farin Gada ta Jos su sauke a Mile 12, hoton yana cikin ambulan tare da wasiƙa da ɗan ƙullin yaji. Yanzu kuwa ta waya yake zuwa kafin ƙiftawar ido. Amma maganar farko da ke fitowa daga bakin wanda ya karɓa tana nan yadda take. Ko dai ya ce, "Kai, madalla, wance ta yi ƙiba," ko kuwa ya ɓata fuska ya ce, "Me ya sami wane ya rame haka, ko lafiya?"

A wurinmu hoto wasiƙa ce ta ba da labarin lafiya da wadata, jiki kuma shi ne rubutun. Masu ɗaukar hoto na Jos sun daɗe da gane haka, sun kuwa daɗe suna gyara rubutun kafin ya iso hannun mai karatu.

A zamanin hoto mai fari da baƙi, ɗakunan hoton da ke wajen Terminus da titin Ahmadu Bello suna da kayan aro: kwat, da taye, da agogon hannu, da akwatin rediyo da za a ajiye a kan ɗan tebur, ga labule a baya an zana bene ko jirgin sama. Siririn mutum a zaunar da shi a kujera, a baza masa babbar riga ta sha sitaci, ya ɗora hannuwa a gwiwa, sai ka rantse wani attajirin kuza ne. Mace mai jiki a tsai da ita a karkace, ramammiya kuwa a ƙara mata zane a kafaɗa. In an wanke fim, mai hoto ya ɗauki fensir mai tsini ya bi fuskar yana shafe ƙuraje da tabo, wajen bugawa a takarda kuma ya san yadda zai yi fuskar ta yi haske. Iyakar abin ke nan, domin fensir ba ya ƙara ƙugu.

Yau kwamfuta tana ƙarawa. Da Photoshop, ko ma da 'yar manhajar da ke cikin waya, a minti kaɗan za a matse ciki, a buɗa ƙugu, a cika kumatu, a ja wuya, a mai da wankan tarwaɗa fara sol. Tun kafin a zo ga kwamfuta ma mai kwalliya ta gama nata, ga kuma kayan ciko da ake sawa ƙarƙashin tufafi, waɗanda 'yan kasuwa da kansu suka raɗa wa suna "a cuci maza". Hoton kafin aure, wanda iyayenmu ba su san shi ba, ya zama babbar sana'a a Jos, domin Allah ya hore wa garin wuraren tsayawa: duwatsun Shere, da dutsen Riyom, da magangarar ruwan Assop, da tafkin Rayfield, ga sanyin da ba ya barin kwalliya ta narke, tun da garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200.

Gyaran surar ɗan Adam ya girmi kyamara a wannan ƙasa nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga gidan kayan tarihi na Jos, wanda Baturen nan Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, zai ga mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a ramukan kuza a 1928. Shahararren kan nan na Jama'a ma a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Fagg a 1943. Shekarunsu sun haura 2,000. Mai lura zai ga cewa kan kowannensu ya kai kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na tsawon jikin, alhali kuwa kan mutum na gaske wajen kashi ɗaya cikin bakwai ne. Ba rashin gwaninta ba ne, gama maginin da ya iya fitar da kitso da duwatsun wuya dalla-dalla ba zai kasa auna kai ba. Abin da mutanensa suka ɗauka da muhimmanci shi ya girmama.

Da Turawa suka zo da kyamara, sai ma'aunin ya koma hannunsu. Katunan gidan waya da aka riƙa bugawa a zamanin mulkin mallaka cike suke da hotunan matan ƙauyukan Filato cikin shigarsu ta gargajiya ta ganye, an rubuta "arna" da Turanci a ƙasa, ba suna, ba gari. Mai saye a Ingila abin mamaki yake nema, don haka malamin makaranta ɗan Birom mai kwat da wando, ko ma'aikaciyar asibiti cikin fararen kaya, ba su cika shiga katin ba. Tun daga wannan lokaci ka'idar ba ta sake ba: wanda zai biya kuɗin hoto shi ke faɗin irin jikin da za a ɗauka.

Daga Kano Zuwa Sun City

Mazauna Ikko za su so su san cewa gasar sarauniyar kyau ta Nijeriya da hoto ta fara, kuma 'yar Kano ce ta fara cinye ta. A 1957 jaridar Daily Times ta nemi 'yan mata su aiko da hotunansu, aka zaɓi waɗanda za su zo Ikko, Grace Oyelude, haifaffiyar Sabon Garin Kano mai aiki a kamfanin UAC, ta zo ta ɗaya. Fam 200 aka ba ta, ta tafi Ingila ta koyi aikin jinya. Shekaru da dama bayan haka, kyakkyawa a idon ɗan Nijeriya, Kudu da Arewa, ita ce mai cikar jiki. Mutanen Kalaba suna da ɗakin da ake killace amarya a yi ta ɗura mata abinci kafin aure, Zabarmawan Nijar suna da bikin hangandi inda mai jego ke nuna ƙibar da ta yi, Bahaushe kuma in ya ga amarya ta murje sai ya yaba wa angon da iya kiwo.

Ranar 16 ga Nuwamba, 2001, a Sun City ta Afirka ta Kudu, Agbani Darego 'yar jihar Ribas, mai shekara 18, doguwa siririya, ta zama sarauniyar kyau ta duniya. Manya da yawa a gida sun dube ta sun ce yarinyar nan ba ta ƙoshi ba, amma 'yan mata sun ga abin da duniya ta ba kambi. Kalmar nan ta Yarbawa, lepa, wadda kowane mazaunin Agege ya sani, ta tashi daga tsokana ta koma yabo, orobo kuwa ta fara jin kunya. Kamfanonin da ke ɗaukar 'yan tallan tufafi suna neman mace mai tsawon ƙafa 5 da inci 8 ko fiye, tsakiyar jikinta wajen inci 24. Da hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa ta hana amfani da baƙi 'yan ƙasashen waje a tallan Nijeriya daga ranar 1 ga Oktoba, 2022, ƙofa ta ƙara buɗewa ga 'yan gida, amma awon tsawo da na ƙugu bai motsa ba.

To, a nan ne Jos ta zama mahaɗa. Garin fim ne tun tuni: a kewayensa gidan talabijin na ƙasa ya ɗauki wasan Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, nan ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da aka kafa a 1979, nan ne kuma makarantar koyon aikin fim ta ƙasa da aka buɗe a 1995. Masu fim ɗin Hausa suna zuwa ɗaukar waƙa a duwatsunsa, taurari irin su marigayi Ahmed S. Nuhu da Nafisa Abdullahi daga nan suka fito. Saboda haka yarinyar da ke son tsayawa gaban kyamara a Jos ma'auni biyu ke jan ta, kowanne da inda ya nufa. Mai ɗaukar hoton tufafi don kasuwar Ikko ya ce ta rage. Mai hoton biki da tallan atamfa da fim ɗin Hausa ya fi son fara mai kumatu, wadda lesi zai zauna mata. Ana iya samun ƙawaye biyu a aji ɗaya, ɗaya tana kwana da yunwa, ɗaya tana haɗiyar ƙwaya don ta ci tuwo kwano biyu, kuma duk hoto suke wa.

Sha Ka Fashe

Hoton da aka gyara ba ya ciwo. Ciwon yana farawa ne ranar da mai hoton ta ga dole ta yi kama da hotonta, domin wanda aka aika wa yana nan tafe da Sallah.

Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" ba ɓoyayyu ba ne, a ƙananan kemis da hannun 'yan talla ake samunsu. Akasarinsu iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, amma yana buɗe ciki ya sa barci mai nauyi. Shi ne ke cikin ruwan maganin nan Apetamin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Sai dexamethasone, wanda ya fi haɗari. Likitoci suna ba da shi don fuka da kumburi, na ɗan lokaci kuma bisa awo. Wadda ta ɗauke shi abin sha kullum za ta ga fuska ta zagaye, wuya ya cika, dangi su yi ta barka. Ba tsoka ba ce. Ruwa ne ya taru, kitse kuma ya koma fuska da ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu suna sirancewa. Bayansa sai hawan jini, da ciwon sukari, da gyambon ciki, da raunin ƙashi, da rikicewar al'ada, jiki kuma ya kasa kare kansa daga ƙananan cututtuka. Abin da ya fi muni, wadda ta daɗe tana sha in ta bari rana ɗaya tana iya faɗuwa, domin jikinta ya daina yin nasa sinadarin. Sai likita ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Jiki magayi.

Man bilicin ɗan uwan wannan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da ƙididdigar cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske, a 2023 kuma shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce abin ya kai matsayin ta-ɓaci. Wasu mayukan suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, wasu suna sa fata ta yi laushin da in an yi wa mace aiki ɗinki ba ya kamawa da wuri. Masu hoto suna gane mai bilicin tun daga gaɓoɓin yatsunta, su kuma shafe baƙin a kwamfuta, aiki a kan aiki.

Ƙasashen da suka kawo mana yayin rama sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2006 'yan tallan tufafi biyu suka mutu saboda ƙin cin abinci, Luisel Ramos ta Yurugwai da Ana Carolina Reston ta Barazil, a shekarar ne kuma masu bikin tufafi na birnin Madrid suka hana waɗanda ramarsu ta wuce kima hawa dandali. Tun 2017 dokar Faransa ta ce sai da takardar likita mace za ta yi wannan sana'a, kuma duk hoton tallan da aka rage ko aka ƙara wa jiki dole a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne. Da za a kawo irin wannan doka Terminus, da tawada ta yi tsada.

Akwai wuri guda da ake maraba da kowane irin jiki, watau ajin koyon zane. Tun zamanin tsohuwar kwalejin Zariya, inda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, ɗalibi ba ya ƙwarewa sai an zaunar masa da mutum ya zana shi. Malaman wannan fanni sun fi murna da tsoho mai tamoji, ko ɗan dako mai jijiya a dantse, ko uwa mai teɓa, domin a nan ne haske da inuwa ke da abin yi. Sai dai a Arewa ba kowa ke yarda ya zauna ba, ko da cikin tufafinsa ne, ladan kuma bai taka kara ya karya ba, ga tsayuwar sa'o'i ba motsi cikin sanyin Jos.

Maza ma kada su yi dariya da yawa. Maigadin da ke Apapa, wanda ke cin garin kwaki sau biyu a rana don ya tara na aikawa gida, shi ma yakan ari babbar riga ya jingina da motar maigidansa a ɗauke shi, ya turo tumbin da ba shi da shi, don kada tsohuwa ta ga ramarsa ta kasa barci. Wannan ƙarya ce ta tausayi. Amma shi ne kuma, in an turo masa hotunan 'yan mata uku daga Gangare ko Unguwar Rogo don ya zaɓa, zai ture baƙa siririya ya nuna fara mai kumatu, labarin kuwa zai koma unguwar kafin dare, ƙannen wadda aka ture suna ji. Malamai sun sha faɗa cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci sahabinsa Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da zai aura da idonsa. Daga Ikko zuwa Jos tafiyar kwana guda ce a mota.

A duk hotunan da mutumin Jos ke ɗauka yau, wanda ba a taɓa shi ba sai na katin ɗan ƙasa da na katin zaɓe, inda ma'aikaci zai ce a buɗe fuska, a dubi gaba, kada a yi murmushi. Shi ne kuwa hoton da kowa ke rufewa da babban yatsa in zai miƙa katin a banki.