Wandon Kariya ga Masu Yanka Itace da Injin Zarto

A Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya ka ga mai sassabe darbejiya ko yanka busasshen icce da injin zarto sanye da abin da ya wuce wandon yau da kullum. Abin damuwa ne, domin sarƙar injin tana iya gudun mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan ta kuɓuce, ƙafa ce ta fi kusa da ita.

Wandon kariya ba ƙarfe ba ne. A cikinsa an jera dogayen zaruruwa masu ƙwari, irin su Kevlar. Da sarƙa ta yaga saman wandon, sai ta fizgo zaren, ya cushe haƙoran da ke juya ta, ta tsaya nan take.

In za ka saya, duba lambar EN ISO 11393 a jikinsa. Aji na 1 yana jure gudun mita 20, na 2 mita 24, na 3 mita 28. Samfurin A gaban ƙafa yake karewa. Samfurin C ya zagaye ƙafar duka, shi ya fi dacewa da mai hawa bishiya da ɗan koyo. Sai dai ya fi nauyi, ga zafin bazarar Katsina. A ganina, mai aiki a ƙasa ya ɗauki A aji na 1, wanda zai iya wuni da shi bai tuɓe ba.

Idan sarƙa ta taɓa cin zaren ciki, kada a kai wa tela. A sauya wani.