Ruwan gishirin Ingal: amfaninsa da haɗarinsa

A ƙarshen damina makiyaya kan kai bisashe filayen Ingal, cikin jihar Agadas, su sha ruwan gishiri. A wajen aikina ina saurin gane dabbar da ta rasa gishiri: tana lasar ƙasa, ci ya ragu, nono ya ja baya, gashi ya dushe. Ciyawa kaɗai ba ta isar ta. Da ta samu gishirin, sai ci ya dawo, jiki ya yi sheƙi.

Amma ku kula, dabba mai tsananin ƙishirwa in ta cika ciki da wannan ruwa, zawo kan kama ta, har ta mutu. Ku fara ba ta ruwan daɗi. Ƙazuwa da kirci kuwa, ruwan gishiri ba ya warkar da su, sai ku nemi likitan dabbobi.