Shagon Kayan Giya a Amurka da Tukunyar Burukutu

A garuruwa da dama na Amurka akwai wani irin shago da ba a sayar da giya a cikinsa, sai kayan dafa ta. Mutum zai tarar da buhunan tsiron sha'ir an busar an gasa, wani fari wani ja wani baƙi wuluk, ga ƙullin wani fure mai ɗaci da ake kira hops, ga yis a 'yan fakiti, ga robobi masu murfi da kwalabe. Ya faɗi irin giyar da yake so, mai shago ya auna masa komai a sikeli, ya haɗa masa da takardar bayani. Wasu shagunan ma suna da tukwane a ciki: nan zai dafa, ya bari, ya dawo bayan 'yan makonni ya ɗura a kwalba. Yawanci galan 5 ake yi a dahuwa ɗaya, kusan lita 19.

Wannan 'yanci bai daɗe da samuwa ba. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, kuma ko da aka janye haramcin, dafa giya a gida bai halatta ba sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a Oktoban 1978. Dokar ta yarda baligi ya dafa galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye galan 200, da sharaɗin ba na sayarwa ba ne. Jihohin Misisifi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013.

Mu ajiye wannan a gefe, mu leƙa bayan gidan mai burukutu a ƙauyukan Filato ko kudancin Kaduna. Ita babu wanda ya auna mata komai. Jar dawa take saya a kasuwa, ta jiƙa, ta tsame ta baza a inuwa ta lulluɓe, tana yayyafa ruwa safe da yamma har tsiro ya fito. Da ido da hanci take gane ya kai. In ta yi gaggawa zaƙi ba zai fito ba, in ta yi jinkiri dawar ta yi funfuna, jarinta ya tafi. Sai ta shanya, ta kai niƙa, ta dama, ta ɗora a wuta a manyan tukwane ko rabin ganga. Ta sauke ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake mayarwa a wuta tana juyawa da muciya, hayaƙin itace na cin idanunta. In ya huce ta tace, ta zuba ragowar wancan dahuwar domin ya tashi. Aikin kusan mako guda ne. Da ɗan bambanci, haka ake yin pito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a Kamaru da Cadi, kuma kusan ko'ina aikin mata ne.

Abin da ke faruwa cikin tukwanen biyu ɗaya ne: tsiro yana mayar da sitacin hatsi sukari, yis ya ci sukarin ya bar barasa da kumfa. Amma in ana maganar wanda ya fi sanin aikin, ni dai matar nan nake ba. Mataki mafi wuya, wato tsirar da hatsi, masana'anta ce ta yi wa Ba'amurke. Da yawa cikin sabbin shiga ma ruwan tsiro mai kauri kamar zuma suke saya a gwangwani, su tsarma da ruwa. Ita kuwa daga ƙwayar dawa ta fara.

Inda ya fi ta shi ne awo da tsafta. Yana da ma'aunin zafi, yana da ɗan gilashin da ke nuna masa yawan sukari kafin tashi da bayansa, saboda haka ya san ƙarfin abin da ya haɗa. Yana wanke kowace kwalba da magani, furen nan mai ɗaci kuma yana hana lalacewa, har giyar ta yi watanni. Burukutu kuwa tana cikin tashi ake shan ta a ƙoƙo, kwana biyu ko uku ta tsamama. Dole mai ita ta sayar yau, ko da bashi.

Babban bambancin a aljihu yake. Shi sha'awa ce ta ƙarshen mako, kuɗi yake kashewa, doka ma ta hana shi ciniki. Ita daga ribar tukunyar take biyan kuɗin makarantar yara, dusar kuma ta ba dabbobi. Duk da haka sha'awar tasa ce ke da hanyar girma. Ken Grossman ya buɗe irin wannan shago a garin Chico na Kalifoniya a 1976, a 1980 ya fara dafawa a kamfaninsa Sierra Nevada, wanda yau yana cikin manya a fagensa. A Najeriya kuwa, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanoni sun koma kan dawa, abin da matan nan suka gada kaka da kakanni, amma masu injina ne suka ci moriyar.

Musulunci ya haramta giya, dafa ta da sayar da ita da shan ta, kuma jihohin da suka ɗabbaƙa shari'a tun daga Zamfara sun hana ko sun taƙaita cinikinta. Ɓarnar da maye ke yi wa gidaje ba ɓoyayya ba ce, a can ko a nan. Amma gwanintar tsirar da dawa ba barasa kaɗai take haifarwa ba. Da ita ake zaƙaƙa kunun zaƙi, da ita ake yin lemon malt da ake sha a bukukuwanmu, kuma ɗan garin tsiro yana tsinka kunun yaye mai kauri yadda jariri zai iya sha ya ƙoshi. Ina kira ga cibiyar binciken noma ta Samaru da ƙananan hukumomi su nemi waɗannan mata, su koya musu awo da tsafta, su haɗa su da masu sayen busasshen tsiro, domin wadda ke son barin tukunyar burukutu ta samu inda za ta kai gwanintarta.