Ɗalibi Kirista Ɗan Tibiri da Koyon Faransanci a Baƙon Gari

A ƙasar Arewa ta jihar Dosso, wato yankin Arawa da ya haɗa Dogon Dutse da Tibiri, akwai wani zato da ya daɗe a bakin jama'a, cewa ɗan gidan Kirista da Faransanci yake tashi, tun da a ganin mutane da yawa addinin da harshen duka kayan Nasara ne. Tarihin majami'un yankin bai goyi bayan wannan zato ba sai ta gefe guda. Tibirin da ake nufi a nan ita ce ta sarautar Samna, wadda ke kudu da Dogon Dutse cikin kwarin Dallol Mawri kusa da iyakar jihar Kebbi, wadda kuma ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 tare da Gecheme da Dumega da Kore Mairuwa, ba Tsibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba, ko da yake ita ma tana da hannu a cikin labarin.

Kiristanci ya shigo ƙasar Hausa ta Nijar ta ƙofa biyu, kuma kowace ƙofa da harshenta. 'Yan mishan na SIM, waɗanda yawancinsu daga Amurka da Kanada da Ingila suka fito, sun sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka kafa tasha a Tsibirin Gobir, a 1950 kuma suka buɗe asibitin Galmi. Hausar da suka koya a Nijeriya ita ce kayan aikinsu, da ita suke wa'azi, da ita suke koyar da karatu domin mutum ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa, wanda aka kammala fassararsa zuwa Hausa a 1932. Gwamnatin mulkin mallaka kuwa tana da dokar 1922 wadda ta hana makarantu masu zaman kansu koyarwa da kowane harshe in ba Faransanci ba, ta kuma ɗora sharaɗin takardun shaida irin na Faransa a kan malamai, sharaɗin da ya yi wa masu jin Ingilishi nauyi. Abin da ya biyo baya shi ne, Kiristocin farko na wannan ɗariƙa sun ƙware a karatun Hausa amma ƙofar aikin gwamnati ta kasance a rufe gare su, kuma Barbara Cooper, a littafin da ta wallafa a 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda wannan batu na makaranta ya zama tushen saɓani tsakanin mabiya da 'yan mishan. Katolika kuwa, waɗanda suka kafa mishan a Dogon Dutse a ƙarshen shekarun 1940, Faransanci ne harshen limamansu tun asali, saboda haka makarantarsu ta bi tsarin gwamnati ba tare da wata tangarɗa ba, kuma iyaye Musulmi da masu bin al'adar gargajiya sun sa 'ya'yansu a ciki.

Don haka yaron da ya taso a gidan Kirista a ƙauyukan Tibiri, musamman ɗan majami'ar EERN wadda ta gaji SIM a daidai lokacin samun 'yancin kai, addu'arsa da waƙarsa da wa'azin da yake ji ranar Lahadi duk da Hausa ne. Ribar da yake da ita a kan ɗan ajinsa ba ta wuce saba ido da haruffan boko tun da wuri ba, kuma ko wannan ribar tana da ƙaya, domin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, Faransanci kuwa cike yake da haruffan da ake rubutawa ba a furta su. A nan ne dikte, wato shiftar da mushe yake karantawa yara suna rubutawa a kaye, ta zama dodon 'yan lakwal: kowane kuskure yana cin maki, har yaron da ya fahimci ma'anar labarin sarai ya tashi da sifiri saboda wutsiyoyin kalmomi da kunnensa bai taɓa ji ba. Ga kuma sautukan da bakin Bahaushe bai saba da su ba, kamar p da v da wasulan hanci, ga jinsin sunaye da bai dace da na gida ba, inda rana take namiji wata kuma mace. Tsofaffin ɗalibai suna tuna sambol, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi, hukuncin da ya koya wa yara shiru fiye da yadda ya koya masu magana.

Barin gida yana farawa ne bayan shekara shida na firamare. Kwalejoji sun yawaita a karkara yanzu, amma wanda ya ci jarrabawar birbe bayan shekara huɗu yana neman lise, yawanci sai ya koma babban gari, wanda ya ci jarrabawar bak kuma sai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mai nisan fiye da kilomita 270 daga Dogon Dutse, ko ɗaya daga cikin sababbin jami'o'in Dosso da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Ɗan ƙauye yana sauka ne a wurin mai masauki, dangi ko abokin mahaifi, kuma a ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sau da yawa gidan Musulmi ne. Zaman yana tafiya da kunya da kara irin ta Hausawa: a watan azumi uwar gida takan ajiye masa ɗumame ba tare da an yi maganar ba, shi kuma ya ci a ɓoye don kada ya zama marar ta-ido, ranar Lahadi ya gama ɗibar ruwa da sassafe kafin ya nufi majami'a. Dangantakar jini tana sauƙaƙa wannan, domin a Arewa ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista da mai bori a zuriya ɗaya.

A Yamai ne harshen yake canza matsayi. Gari ne da Zabarmanci yake da ƙarfi, kuma manyan majami'unsa suna tara 'yan Benin da Togo da Burkina Faso, waɗanda Faransanci ne kaɗai ya haɗa su, saboda haka ɗalibin da ya san Faransanci a matsayin harshen jarrabawa sai ya tarar ana yi wa Allah magana da shi. Littafin da ke hannun fasto yanzu fassarar Faransanci ta Louis Segond ce, ayoyin da ya haddace tun yana yaro sai su zo masa da wata siga, kuma a ƙungiyoyin ɗalibai irin su GBEEN ta masu bishara da JEC ta Katolika ana sa ran ya tashi ya yi addu'a a fili. Ana iya cewa wannan aji ne da ya fi na makaranta amfani, tun da a nan ne yake magana ba don maki ba, a gaban mutanen da ba za su yi masa dariya ba in harshensa ya sarƙe. Idan ya dawo hutu, shi ake tsayarwa gefen baƙon mai wa'azi ya yi tafinta, jimla bayan jimla, tsofaffi suna gyara masa Hausar in ta yi warin boko.

Zaton nan na haɗa Kirista da Faransa yana da tsada idan rai ya ɓaci. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, masu zanga-zanga sun ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, tare da cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram, alhali yawancin masu ibada a waɗannan majami'u ba su taɓa taka Faransa ba. A Maris na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin mulki ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Makarantun gwaji masu fara koyarwa da harshen uwa sun wanzu tun 1973 ba tare da sun game ƙasa ba, kuma muddin ana rubuta birbe da bak da Faransanci, ɗan Tibiri zai ci gaba da neman mai masauki a Dogon Dutse ko Dosso ko Yamai domin ya koye shi.