Kyautar Kirsimeti: Nawa ya kamata iyaye su kashe wa yara?

Da zarar Disamba ta kama, kasuwannin Wuse da Utako da Garki kan cika da iyaye, kowa riƙe da jerin abin da yara suka roƙa: sabon ɗinki, takalmi, keke, 'yar tsana, wasu ma har waya. A hanyar Nyanya da Mararaba, 'yan tireda kan baje tabarau masu launi da hulunan Baba Kirsimeti. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuwa, yana taya kaya, zuciyarsa na kan wata tambaya: nawa zai kashe yara su yi farin ciki ba tare da gidan ya shiga uku a watan Janairu ba?

Lissafin ya sauya a 'yan shekarun nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma a Disambar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ƙarin da ya shiga aljihu, kasuwa ta riga ta lashe kaso mai yawa daga cikinsa.

Akwai kuma tarkon da duk ma'aikaci ya sani. Idan aka biya albashin Disamba da wuri saboda biki, na Janairu ba ya zuwa sai ƙarshen wata, wato kuɗin kwana 30 ne za su yi aikin kwana 40 ko fiye. A cikin wannan tazara ake komawa zango na biyu na makaranta, a nemi kuɗin makaranta da na littattafai. Wanda ya je gida Jos ko Kafanchan ko Yola yana da kuɗin motar dawowa. Wani kuma a lokacin ne mai gida zai turo takardar kuɗin haya, wanda a Abuja galibi na shekara guda ake biya a dunƙule.

Saboda haka amsar tambayar tana farawa ne daga Janairu, a dawo baya. A fara ware kuɗin makaranta, da abincin mako shida, da kuɗin motar zuwa ofis, da ɗan abin ko-ta-kwana don rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki, kuma a cikinsa akwai shinkafa da kaza da baƙi. A ce ma'aikaci mai yara uku ya gama wannan lissafi, naira 60,000 ta rage masa. Idan rabi ya tafi ga tukunya, kowane yaro yana da naira 10,000. Wannan ne gwargwadonsa, ko da maƙwabcinsa darakta ya sayo wa ɗansa keke. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tsadar kyauta ma ba ita ke auna darajarta a idon mai karɓa ba. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibai nawa za su biya da kansu kan kyaututtukan da aka ba su lokacin biki. Ya kiyasta cewa tsakanin kashi goma cikin ɗari zuwa kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da masu bayarwa suka kashe yana tafiya a banza, domin sun sayi abin da bai kai haka ba a wurin wanda aka bai wa. Iyaye sun san wannan ba tare da bincike ba: motar wasa mai batir da ke mutuwa kafin Sabuwar Shekara, ko takalmin da yaro zai fi ƙarfinsa kafin Ista.

A gidajenmu, kyautar da ta fi daɗewa ita ce kayan sawa. Yadda yaron Musulmi ke ɗokin kayan sallah, haka yaron Kirista ke ƙirga kwanakin da zai shiga coci da sabon ɗinki. Hikimar wannan al'ada ita ce tufafin kan ci gaba da amfani har shekara ta zagayo. In aka haɗa da abu guda da yaron ya daɗe yana muradi, da littafin labari daidai shekarunsa, an gama. Mai son sauƙi ya kai wa tela yadi tun Nuwamba, kafin layi ya yi tsawo kuɗin ɗinki ya hau. Mai adashi a ofis ya nemi kwasarsa ta faɗo a ƙarshen shekara.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne cin bashi don kyauta, musamman daga manhajojin bayar da rance na waya. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sha ɗaukar mataki kan waɗanda ke tona asirin mai bashi ta hanyar aika saƙo ga duk lambobin da ke wayarsa. Ma'aikacin da saƙon ya isa ga shugabansa a ofis ya biya fiye da kuɗin 'yar tsana.

Saura yadda za a gaya wa yaro. Wanda ya kai shekara bakwai ko takwas yana iya fahimtar cewa ga abin da ke akwai, ya zaɓi ɗaya cikin biyu. A kuma daidaita tsakanin 'yan'uwa, domin yara sun fi lura da wanda aka fifita fiye da farashin da aka biya. Idan an yi haka, ranar da aka buɗe makaranta a Janairu yaron zai shiga aji da rasit ɗin biyan kuɗi a jakarsa, iyayensa kuma ba sa ɓuya idan waya ta yi ƙara.